SAS: kamfanin da ya tsiro a gonar gwaji

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin digiri na biyu ko na uku a fannin aikin gona, a Samaru ne ko a wata tsangayar noma ta ƙasar nan, ya san wata jimla da kan zo bayan an gama bayanin yadda aka yanka fili, aka shuka iri, aka zuba taki. Jimlar kan ce an tace alƙaluman da aka tara da manhajar SAS. Ɗalibai da yawa sun rubuta haruffan nan uku ba su taɓa tambayar inda suka fito ba. Ba banza suka sami mazauni a wannan babi ba, domin a gonar gwaji aka haifi manhajar. Kamfanin da ya mallake ta yana garin Cary a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma ya yi kimanin shekara 50 yana ciniki, har kuɗin da yake samu a shekara ya haura dala biliyan 3, bai taɓa kai hannun jarinsa kasuwa ba.

Tun asali matsalar manomi ce. A ce ka shuka masara a fegi biyu, ka zuba wa ɗaya taki, ka bar ɗayan haka nan. Da kaka ta yi, mai takin ya fi cika buhu. To, takin ne ya yi aiki, ko dama can ƙasar wajen ta fi ƙarfi, ko kuwa ruwa ya fi kwanciya a nan? Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya shimfiɗa hanyar lissafin da ke rarraba irin wannan bambanci: wannan kaso na taki ne, wannan na ƙasa ne, wannan kuma dace ne kawai. Hanya ce mai kyau, amma yin ta da hannu wahala ce, musamman in fegin ya kai ɗari, irin ya kai goma, an kuma maimaita gwajin damina uku. A farkon shekarun 1940 wata masaniyar ƙididdiga mai suna Gertrude Cox ta kafa sashen ƙididdigar gwaje-gwaje a jami'ar jihar da ke Raleigh, wadda aka fi sani da NC State, sashen ya zama wurin da masu binciken taba da masara da auduga na kudancin Amurka suke kawo alƙalumansu.

Da kwamfuta ta shigo jami'o'i, sai aka faɗa wata wahalar. Kowane bincike sai an rubuta masa tsarinsa daban, in aka sauya na'ura kuma a koma farko. Fitowar manyan kwamfutocin IBM samfurin System/360 ita ta sa jami'o'i takwas na kudu suka haɗa kai a 1966 don a yi tsari guda da zai ɗauki kowane irin gwaji. Anthony Barr ne ya zana ƙashin bayan abin, wato yadda za a shigar da alƙaluma, a gyara su, sannan a miƙa su ga lissafin da ake so. James Goodnight, wanda a lokacin ɗalibi ne mai neman babban digiri a ƙididdiga, ya shigo aikin a 1968, ya rubuta da yawa daga cikin lissafe-lissafen da aka ɗora a kan ƙashin. A kan kati mai huda ake buga komai a wancan zamani, a jera a akwati, a kai ɗakin kwamfuta, a dawo a jira sakamako.

Kuɗin aikin daga cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, yake fitowa. A 1972 ta janye hannunta, domin ta fi son kashe kuɗinta a kan abin da ya shafi magani kai tsaye. Jami'o'in nan sai suka yi karo-karo, kowacce ta riƙa ba da dala 5,000 a shekara don kada aikin ya mutu. Abin dariya shi ne, bayan 'yan shekaru kamfanonin haɗa magunguna suka zamo cikin manyan masu biyan kuɗin SAS, har ta kai hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta riƙa karɓar alƙaluman gwajin sabon magani a cikin wani tsarin fayil da SAS ta ƙirƙira. John Sall ya shigo a 1973, Jane Helwig kuma ta ɗauki aikin rubuta littafin jagora. Kafin 1976 masu amfani da manhajar sun kai wajen 100, ciki har da bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati, abin ya fi ƙarfin ofishin jami'a. A watan Yulin shekarar mutum huɗun suka tsallaka titin Hillsborough, suka kama ofis daura da jami'ar, suka yi rajistar SAS Institute. Cinikin shekarar farko dala 138,000 ne.

Barr ne ke da kaso mafi girma, kashi 40 cikin 100, amma a 1979 ya sayar ya tafi, kan kuɗin da bai kai dala rabin miliyan ba. Helwig ma ta bari, ta koma karatun likita. Tun daga nan kamfanin ya zama na mutum biyu: Goodnight da kimanin kashi biyu cikin uku, Sall da ragowar. In ana ba da labarin SAS a mujallun kasuwanci sunan Barr kan zo a layi ɗaya ne a wuce, kuma a ganina ba a kyauta masa ba, tunda harshen da miliyoyin layukan aiki suke tafiya a kansa har yau nasa ne.

Abin da ya fi muhimmanci a tarihin kamfanin nan an yanke shi ne tun a shekarun farko, kuma bai da wani ƙyalƙyali. SAS ba ta sayar da manhajarta. Haya take bayarwa. Ka biya kuɗi mai kauri a shekarar farko, sannan duk shekara ka sabunta da abin da bai kai na farkon ba. Ranar da ka daina biya, manhajar ta daina aiki. Yau da kusan kowace manhaja ta koma biyan wata-wata abin ba ya ba kowa mamaki, amma a wancan lokaci yawancin masu wannan sana'a sayarwa suke yi sau ɗaya, su koma farautar sabon mai saye. Bambancin kamar na makiyayin da ya riƙe saniyarsa yana tatsa ne da wanda ya kai ta wa mahauci: na biyun ya fi ganin kuɗi a dunƙule, na farkon kuwa ya san abin da zai shigo gobe. Kamfanin da ya shiga sabuwar shekara ya riga ya san mafi yawan kuɗin da zai samu ba ya buƙatar bashin banki, ba ya kuma buƙatar attajirin da zai zuba jari ya nemi kujera a majalisar gudanarwa.

Haya tana da wani sakamakon kuma. Wanda zai sabunta duk shekara dole ka faranta masa, don haka SAS ta riƙa tura wa masu amfani da ita takardar zaɓe su jera gyare-gyaren da suke so, ta kuma riƙa mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigarta ga bincike da inganta manhajar, abin da ya zarce na yawancin takwarorinta nesa ba kusa ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abokan cinikinta kan sabunta. Sai dai kada mu wanke kamfanin tas. Ba ƙauna kaɗai ke riƙe mutane ba. SAS harshe ne da ma'aikatan banki ko na kamfanin magani suke rubuta nasu ayyukan da shi, kuma wanda ya tara aikin shekara ashirin a cikin harshe guda, aikin da masu binciken kuɗi da hukumomi suka riga suka amince da shi, ba ya tashi rana ɗaya ya ce ya sauya. Da yawa suna biya suna ƙunƙuni.

Amfanin wannan kuɗi mai tabbas ya fito fili a tsakiyar shekarun 1980. Kamfanin ya koma Cary a 1980, ciniki yana ta hauhawa, amma manhajar a ɗaure take da manyan kwamfutocin IBM, ga kuma ƙananan kwamfutoci sun fara cika ofisoshi. Sai aka yanke shawarar sake rubuta ta gaba ɗaya da harshen C, a tsara ta yadda mafi yawan jikinta bai damu da irin na'urar da yake kai ba. Aikin shekaru ne, ya ci kuɗi da ma'aikata, kuma mai saye ba ya ganin wani sabon abu a fuskar manhajar balle ya ƙara kuɗi. Har kamfanin Lattice, mai yin manhajar fassara harshen C, suka saya a 1987 don kada su dogara da wani. Shugaban da ke ba masu hannun jari bahasi duk wata uku zai sha wuya kafin ya kare irin wannan kashe kuɗi. Goodnight kuwa kan Sall kaɗai yake buƙatar shawowa. Shi ma Sall ɗin an bar shi ya bi son ransa, ya ƙera wata manhajar ƙididdiga mai zane-zane don kwamfutar Macintosh, JMP, wadda ta fito a 1989, injiniyoyi da masana kimiyya suna amfani da ita har yanzu.

Amma abin da ya sa sunan SAS ya shiga bakin waɗanda ba ruwansu da ƙididdiga shi ne yadda take riƙon ma'aikata. Goodnight ya taɓa aiki na ɗan lokaci da General Electric a Florida, a ɓangaren da ya shafi shirin Apollo na zuwa wata, kuma ya sha faɗin abin da ya ƙi a can: masu gadi a ƙofa, ma'aikata a cunkushe babu ofis, ko kofi sai ka saya. Da ya sami nasa wurin sai ya juya komai. A 1981 aka buɗe gidan renon yara a harabar kamfanin, don kada mata masu ƙwarewa su ajiye aiki bayan haihuwa. A 1984 aka ƙara asibiti da wurin motsa jiki. Makon aiki awa 35 ne, kowa da ofishinsa mai ƙofa, kuma masu shara da masu dafa abinci da masu kula da lambu an ɗauke su a matsayin cikakkun ma'aikata maimakon a ba ɗan kwangila. 'Yan jarida sun fi son labarin alewar M&M's da ake rabawa kyauta duk Laraba, har ta kusa rufe sauran.

Masu ziyara kan koma gida da labarin kirki da tausayi. Ni dai lissafi nake gani, kuma shi kansa Goodnight bai taɓa ɓoye hakan ba. Ya kan ce kusan duk dukiyar kamfanin tana fita ta ƙofa da yamma, aikinsa shi ne ya sa ta dawo da safe. A sana'ar da kamfanoni kan rasa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na ma'aikatansu a shekara, SAS kan rasa wajen kashi 4. Jeffrey Pfeffer na Jami'ar Stanford ya ƙiyasta cewa wannan kaɗai yana tsimin wa kamfanin dala miliyan 60 zuwa 80 a shekara, kuɗin da da an kashe wajen neman sababbi da horar da su. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafi cikin sauƙi: wanda ya rubuta wani sashe na manhajar shekara goma sha biyar da suka wuce yana nan a ofishinsa ranar da abin ya lalace. A ɗaya hannun, albashin SAS bai kai na manyan kamfanonin Kalifoniya ba, kuma ba ta ba ma'aikaci hannun jari, don haka babu wanda ya kwana talaka ya tashi attajiri a can. Masu suka sun ce gidan ya yi kama da na maigida mai kyauta wanda komai sai abin da ya ga dama, kuma akwai gaskiya a maganarsu.

An taɓa jarabtar su. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kuɗin shigar kamfanin ya kai dala biliyan 1, duk yaron da ya buɗe shafin intanet yana zama miloniya a takarda, SAS ta fara shirin shiga kasuwar hannun jari. A 2000 har ta ɗauko Andre Boisvert, tsohon jami'in Oracle, ta ba shi muƙamin shugaba don ya gyara gidan yadda masu zuba jari suke so. Kasuwar ta rushe, Boisvert ya tafi a 2001, aka naɗe tabarmar maganar. Bayan 'yan shekaru aka shiga haɗiye abokan gasarta ɗaya bayan ɗaya. A 2007 Oracle ta sayi Hyperion, SAP ta yi cinikin Business Objects, IBM ta yi na Cognos. A 2009 IBM ta ƙara da SPSS, tsohuwar kishiyar SAS a jami'o'i, kan dala biliyan 1.2. Dukansu suna kasuwar hannun jari, kuma wanda ke kasuwa, in aka taya shi da tsada, masu hannun jarinsa ne ke da ta cewa.

A farkon 2009 ɗin nan, tattalin arzikin duniya yana tangal-tangal, kamfanonin fasaha suna sallamar dubban mutane, Goodnight ya yi wa ma'aikatansa jawabi ya ce babu wanda za a kora a shekarar, amma kowa ya tsuke bakin aljihu. Hujjarsa ita ce mutumin da ke tsoron takardar sallama ba ya iya zama ya yi tunani. Shekarar ta ƙare da ciniki na dala biliyan 2.31, sama da na shekarar da ta gabace ta, mujallar Fortune kuma ta sa SAS a matsayi na ɗaya cikin wuraren aiki mafi daɗi a Amurka a 2010 da 2011. Wanda ke son kwaikwayon SAS ya lura da jerin abubuwan. Alkawarin 2009 ya yiwu ne saboda babu mai hannun jari na waje da zai buga tebur, rashin na wajen kuma ya yiwu ne saboda kuɗin haya yana shigowa tun 1976. Wanda ya fara da gina gidan reno da raba alewa alhali cinikinsa na yau-akwai-gobe-babu ne, alkawarinsa ba zai wuce fari na farko ba.

Sai dai zaman lafiyar nan ya zo da nasa barcin. Ƙalubalen da ya fi girgiza SAS bai fito daga IBM ko Oracle ba, daga jami'a ya fito, inda ita ma ta fito. A farkon shekarun 1990 malamai biyu a Jami'ar Auckland ta New Zealand, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara wani harshen ƙididdiga mai suna R, suka sake shi kyauta, kowa ya ɗauka ya ƙara nasa. Python ma ya bi da tarin kayan aikin tace bayanai, shi ma kyauta. Malamin da ya ƙirƙiro sabuwar hanyar lissafi yau, gobe ya ɗora ta a R duniya ta ɗauka, ba sai ya jira wani kamfani ya sa ta a fitowa ta gaba ba. A Janairun 2009, da jaridar New York Times ta yi rahoto a kan R, wata jami'ar SAS ta ce suna da abokan ciniki masu ƙera injin jirgin sama, kuma tana jin daɗin cewa ba da manhajar kyauta suke aiki ba in za ta hau jirgi. Maganar ta yi wa masana ƙididdiga ciwo, ta kuma nuna yadda Cary take kallon abin a lokacin. Kamfanin da karo-karon jami'o'i ya raya bai gane karo-karo ba da ya sake ganin sa.

Kotu ma ba ta ba shi duk abin da ya nema ba. Wani ƙaramin kamfanin Ingila, World Programming, ya yi manhajar da ke iya tafiyar da ayyukan da aka rubuta da harshen SAS a farashi mai sauƙi. SAS ta kai ƙara, amma a 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa haƙƙin mallaka bai rufe harshen kwamfuta ko aikin da manhaja take yi ba, rubutun cikinta kaɗai ya rufe. A Amurka SAS ta ci nasara ta wata fuskar, ta saɓa yarjejeniyar lasisi, aka yanke mata diyyar kimanin dala miliyan 79. Shari'ar ta ci fiye da shekara goma.

Gyara ya zo, amma a makare. A 2014 aka fitar da SAS kyauta ga ɗalibai, a 2016 aka ƙaddamar da Viya, sabon gini da ke aiki a rumbunan intanet yana kuma karɓar Python da R, a 2019 aka yi shelar zuba dala biliyan 1 a ƙirƙirarriyar basira cikin shekara uku. Bankuna suna nan suna kama masu zamba da katin kuɗi da SAS, kamfanonin magani suna nan, hukumomin haraji da na ƙidaya suna nan. Amma kuɗin shigar da ya haura dala biliyan 3 a 2013 ya tsaya yana zagaye a wajen, a daidai shekarun da harkar tace bayanai ta fi kowane lokaci bunƙasa. Matashin da ke koyon wannan sana'a yau, a Raleigh yake ko a Zariya ko a Yamai, ya fi yiwuwa ya fara da abin da zai sauke a kwamfutarsa ba tare da lasisin dala ba, kuma abin da mutum ya koya yana ɗalibi shi yake nema in ya zama shugaban sashe.

Sauran magana ita ce ta gado. An haifi Goodnight a 1943, Sall a 1948, kuma Goodnight ne ke jan ragamar kamfanin tun ranar da aka yi masa rajista. A Yulin 2021 labari ya fito cewa Broadcom tana tattaunawar sayen SAS kan dala biliyan 15 zuwa 20. Broadcom ta riga ta sayi CA Technologies da ɓangaren kamfanoni na Symantec, kuma an san ta da datse kashe kuɗi bayan ciniki, don haka hankalin ma'aikatan Cary ya tashi. Cikin kwana biyu masu kamfanin suka janye, Goodnight ya aika wa ma'aikata saƙo cewa ba na sayarwa ba ne. Kafin watan ya ƙare kuma sai ga wata sanarwar: SAS za ta shirya kanta don shiga kasuwar hannun jari zuwa 2024, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ba ma'aikata damar mallakar wani kaso, abin da aka hana su shekara 45. Shirin ya ƙunshi sake fasalin littattafan kuɗi na kamfanin da bai saba nuna wa kowa ribarsa ba, da koyon ba da bahasi duk wata uku. An ɗaga wa'adin zuwa 2025 tun kafin a kai shi, kuma shekarar 2024 ta ƙare kamfanin yana hannun mutum biyun nan da suka riƙe shi tun 1979.